Warin Sifirit a Falon Mama

'Yan uwa, wannan makon ban zo muku da abin dariya ba. Masu turo mini saƙo kuna tambayar yadda ta kaya ranar Lahadi, wasu har da hoton zobe da na kek, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Na fara rubutu na goge ba adadi. Abin da ya faru ba Mama ce ta yi shi ba, ba kuma Anti Obehi ba duk da bakinta. Ni na yi shi, da wannan hannun da nake latsa waya da shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ejemen, 'yar garin Ubiaja, shekarata ashirin da tara, wanda a lissafin Mama ya kusa hamsin. Ƙanwata ta yi aure har ta yaye, ni kuwa kullum da asuba sai saƙon murya ya shigo: addu'a a gaba, gori a tsakiya, sunan ɗan ƙawarta da ke Italiya a ƙarshe.

Ina aiki a ɗakin gwaji na wata cibiyar bincike da ke bayan asibiti. Aikinmu a kan zazzaɓin Lassa ne, wanda a kasuwa ake ce wa ciwon ɓera. Duk wanda ya yi ciwon ya tashi, jininsa na riƙe da sojojin da suka ci yaƙin, to su muke farauta. Ana ɗibar jinin waɗanda suka warke, a tsince ƙwayoyin da ke haifar sojojin ɗaya bayan ɗaya, kowace a ba ta gidanta ta yi ta haifar soja iri guda tak. Sai a kawo mini. Ni kuma ina da farantan roba masu 'yan ramuka kamar gidajen dara, ɗari uku da wani abu a kowane faranti. An shafe ƙasan kowane rami da ɓawon ƙwayar cutar, ɓawon kawai, wanda ba ya kama kowa. Na'ura ta ɗiga soja ɗaya a kowane rami, a wanke, a zuba ruwan launi. Inda sojan ya damƙe ɓawon sai ramin ya yi shuɗi, in an tsayar da shi ya koma rawaya. Inda bai kama ba kuwa ya zauna fari kamar ruwan famfo. Dubbai nake gwadawa a mako, kuma mafi yawa ruwan famfo nake kwashewa.

Na'urar Sajan muke ce mata, saboda ba ta gajiya ba ta kuma jin ban haƙuri. Amma Sajan mai sauƙi ce a kan shugabarmu, Dokta Aituaje. Gajeriyar mace ce mai gilashi, dokarta guda ce: ka taɓa, ka fesa. A makona na farko ta kama ni na taɓa ƙofar firij na ɗauki biro ban fesa wa hannuna sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta ba, ta tsayar da aikin ɗakin gaba ɗaya ta yi mini tatas a gaban kowa. Tun daga ranar hannuna ya koyi karatun fiye da kaina. Akwai 'yar kwalbar sifirit da nake ratayawa a hannun jakata. In na karɓi canji, na fesa. In na gaisa da mutane a coci, na fesa. Tessy, abokiyar aikina, cewa take yi, "Ke ranar aurenki ma sai kin fesa wa ango kafin ki bari ya sa miki zobe."

Mutum ɗaya ne ban taɓa yi wa ba, shi ne saurayina Usifo. Ba shawara na yanke ba, haka kawai hannun ke tsallake shi. Shi da kansa ya lura. Wata rana muna cin gasasshiyar masara a bakin titi ya ce, "Duk faɗin garin nan ni kaɗai ne ba a fesa wa. Ko Fada na coci bai samu wannan matsayin ba." Ya faɗa yana dariya, amma na ga yadda abin ya yi masa daɗi.

Usifo malamin lissafi ne a sakandare, dogo, mai ɗan wushirya. A wurin mai abincin bakin ƙofar asibiti muka haɗu. Na ce ya miƙo mini jug ɗin ruwa, ya yi banza da ni. Na sake faɗa, shiru. Na ce, "Wasu dai tsawon kawai suka yi, babu tarbiyya." Sai mai abincin ta taɓa shi, ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Yi haƙuri 'yar uwa, ofishin wannan ɓangaren a rufe yake. Zagayo ta dama." Ya nuna kunnensa na hagu. Shekara uku ke nan da Lassa ta kwantar da shi, ta bar masa ransa ta tafi da kunne ɗaya. Akwai auduga a gwiwar hannunsa ranar, ya fito daga ba da jini ke nan, don yana cikin waɗanda suke zuwa su ba mu. Tun daga nan duk inda za mu je ina damansa. Ko a kan babur in zan yi masa magana, ta kafaɗar dama nake leƙowa.

To ga inda matsalar take. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon nan. Ƙanen Mama, Kawu Odion, shi ya kashe. Ba a ba mu gawar ba, wasu mutane cikin fararen kaya har fuska suka binne shi muna tsaye daga nesa, Mama tana birgima a ƙasa. Bayan nan aka yi watanni babu mai sayen garin rogonta a kasuwa, mata suna janye 'ya'yansu in ta zo wucewa. Har yau in an tambaye ta aikina cewa take yi gwajin jini nake yi, ba ta ƙarawa. Ni ma ban taɓa gyara mata ba.

Ranar Asabar da yamma, ana gobe zai zo gaida iyayena karon farko, na tura masa saƙo.

"Gobe in an tambayi kunnen fa?"

"Sai in ce yana gaishe su."

"Da gaske nake, Usifo. Ka ce ƙarar janareta ce tun kana yaro."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga shi: "Ba zan ɗauko zancen ba. Amma in an tambaye ni, ba zan yi wa mahaifinki ƙarya a ɗakinsa ba."

Kun san me na mayar masa? Hoton zuciya ja. Ko kunya ban ji ba a lokacin, na ajiye wayar na ci gaba da guga.

Lahadi bayan an taso daga coci gidanmu ya ɗauki ƙamshi. Mama ta cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da ba ta yi sai Kirsimeti. Ta goge hoton Yesu, ta canja labule, ta fito da farantan da ta ce sai surukai. Ni na sa atamfa koriya mai zanen ganyen ayaba, ɗinkin doguwar riga da ya kama ƙugu ya buɗe a ƙasa, na ɗaure gashina baya. Mama ta shigo ɗaki ta dube ni sama da ƙasa, ta buɗe akwatinta ta ɗauko murjanin aurenta ta rataya mini da hannunta.

"Kada ki yi ta surutun nan naki na asibiti," ta ce. "Ki bar namiji ya yi magana."

Usifo ya iso cikin farin yadi, takalmi sai ƙyalli, ya yi aski har da gyaran gemu. Ya kawo doya manya-manya da jarkar bammi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya kira ta Mama kai tsaye ba wani kwana-kwana. Na ga ta ɗan murmusa ta juya ta shiga kicin, na ce a raina an ci rabin yaƙi.

Baba tsohon hedimasta ne, da ya ji malamin lissafi ne sai ya gyara zama. Kafin ka ce me sun shiga gardamar yadda yaran yanzu ba su iya rabawa ba sai da waya. Baba ya fasa goro ya yi addu'a, Usifo ya tashi ya zagaya da farantin tunda shi ne ƙarami a maza. Aka zuba bammi a kofin Baba, kofin tangaran mai bakin zinariya da ba mai taɓa shi a gidan. Baba ya kurɓa, ya miƙa wa Usifo da hannunsa. Ni da na san Baba na san me wannan ke nufi. Daga kicin ana jin dukan sakwara, baƙar miya tana tafasa da naman akuya da busasshen kifi. Daɗi ya cika ni har na fara tunanin kalar ankon.

Sai ga Anti Obehi.

Ƙanwar Baba ce, tana sayar da zannuwa a kasuwar Uromi, kuma babu wanda ya gayyace ta. Ta shigo da ɗaurin kai kamar za ta gidan biki, ta ce wucewa take yi ta ji ƙamshi. Ta zube a kujerar da ke hagun Usifo. Ɓangaren kunnen da ba ya ji ke nan.

"Ɗana, ɗan wane gida ne kai?"

Usifo yana sauraron Baba, bai ji ba.

"Na ce ɗan wane gida ne kai?"

Shiru. Anti ta dube ni ta taɓe baki. "Ejemen, surukin namu da Turanci ake masa magana ne, ko sai an cike takarda?"

Na taɓa gwiwarsa, ya juyo da sauri ya ba ta haƙuri, ya ce wannan kunnen ba ya ji. Da ya juyo ɗin ne ta ga fuskarsa sosai. Ta ƙura masa ido, ta karkata kai, ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Na san fuskar nan. Ba kai ne a allon bakin tashar Uromi ba? Mai riƙe da tarkon ɓera, an rubuta na yi Lassa na warke?"

Dukan sakwara ya tsaya a kicin. Na manta da allon nan sam. Ƙungiyarsu ta waɗanda suka warke ce ta kafa shi bara, ni ce ma na zaɓar masa rigar da ya sa a hoton.

Baba ya ajiye goron hannunsa. "Ɗana, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Shekara uku ke nan. Allah ya tashe ni."

Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta duk sakwara. Ta tako a hankali, ta naɗe hannunta da bakin zaninta, ta ɗauke kofin Baba daga gaban Usifo, ta riƙe shi nesa da jikinta. Ba mugunta na gani a fuskarta ba, Kawu Odion na gani.

"Ajiye kofin nan tukuna," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Ejemen, ke kika yi karatun abin nan, mu ba mu sani ba. Ki faɗa mana tsakaninki da Allah. Akwai abin tsoro a jikin yaron nan?"

'Yan uwa, da a wurin aiki aka yi mini tambayar nan da sai an roƙe ni na yi shiru. Na san babu. Na san ciwon ya bar jikinsa tun tuni, an gwada an sake gwadawa. Na san abin da ya rage a jininsa shi ne abin da muke kwana muna tashi muna nema don a yi magani. A duk falon nan babu wanda Lassa take tsoro kamarsa. Amma na dubi Mama, na dubi Anti da ta riga ta zaro waya daga jaka, na tuna matan kasuwa, sai bakina ya mutu.

"An ce..." na fara. "An ce in an daɗe ba ya yin komai."

An ce. Ni da nake riƙe da jininsu kullum a hannuna, ni ce mai an ce, kamar wadda ta ji a motar haya.

Usifo ya ga na rikice. Ya miƙo hannu ya kama nawa a kan hannun kujera, a gaban kowa, ya matsa a hankali. "Ba komai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kwantar da hankalinki." Sannan ya saki.

Ƙarar murfin kwalbar na fara ji kafin na san abin da nake yi. Na fesa a tafin hannu, na murza, na shiga tsakanin yatsu, na zagaya babban yatsa, na goge bayan hannu, tsaf yadda Dokta ta koya mana. Warin sifirit ya tashi ya danne ƙamshin miyar Mama. Sai da na gama na ɗago, na tarar kowa hannuna yake kallo.

"To," in ji Anti Obehi, ta mayar da wayarta jaka. "Kun dai gani. Likita ta ba da amsa."

Usifo bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya durƙusa ya yi wa Baba godiyar goro, ya yi wa Mama godiyar abincin da ko loma bai ci ba, har Anti ya yi wa sallama. Ya fita. Na ji ya tayar da babur ɗinsa, na ji ƙarar tana nisa, ina zaune da murjanin Mama a wuyana ban motsa ba.

Na yi ta gaya wa kaina sabo ne. A mota ina komawa masaukina na faɗa, a banɗaki ina wanka na faɗa. Amma bari in gaya muku gaskiya tunda don ita na buɗe shafin nan. Sabon nan shekara guda yana tsallake Usifo, bai taɓa kuskure ba. Sai ranar da Mama take kallo ya tuna da shi. Hannuna ya san wa yake son ya faranta wa, kuma ba Usifo ba ne. Kunyar abin ta hana ni cin abinci.

Na tura masa "Ka isa gida?" Ya karanta, shiru. Na tura "Don Allah ka ɗauki wayata." Ya karanta, shiru. Na rubuta wani dogon bayani a kan sabo da dokar Dokta, na karanta na ji ƙyamar kaina na goge.

Litinin da asuba saƙon muryar Mama ya shigo. Da zagi ne da na ji sauƙi.

"Ejemen 'yata, Allah ya yi miki albarka. Kin nuna mana gaskiya ba tare da kin kunyata shi da baki ba, haka 'yar mutunci take yi. Na jefa kofin a shara, na wanke kujerar da bilic. Babanki yana ta fushi amma zai huce. Yaron ba shi da laifi, na tausaya masa, amma ba zan sake tsayawa daga nesa ina kallon ana binne nawa ba. Na yi magana da maman wancan na Italiya."

Na saurara a tsaye a bakin ƙofar cibiya. Na shiga na sa farar riga da safar hannu, na ɗora wa Sajan farantai, na zauna ina kallonta tana ɗiga tana wankewa. Sabon rukuni ne, daga jinin da aka ɗiba watannin baya. Faranti na farko ruwan famfo, na biyu haka. A wani can tsakiya, ina zuba ruwan launi, rami ɗaya a gefen ƙasa ya yi shuɗi tun kafin in ajiye abin zubawar. Shuɗi mai duhu, kamar an ɗiga tawada. Na ɗauka kuskurena ne, ganin yadda hankalina ba ya tare da ni. Na sake gwada sojan a sabon faranti, ya sake kamawa. Ƙwayar cutar nan iri-iri ce, ta nan daban, ta ƙasashen maƙwabta daban, kuma yawancin sojojin da muke samu iri ɗaya suke ganewa su ƙyale sauran. Na jera masa ɓawon kowane iri da muke da shi a firij. Ranar Talata sakamako ya fito, duk ya damƙe su.

Dokta Aituaje ta cire gilashi ta goge ta mayar. Matar da ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ga ta tana taka rawa a tsakanin tebura da safar hannu.

"Ba a ce magani ba ne tukuna," ta ce, "da sauran tafiya mai nisa, kada wanda ya je ya yi mini surutu a waje. Amma duk wanda ya ba da jinin nan, uwarsa ta haifi ɗa. Ejemen, hannunki na da albarka."

Hannuna. Na ce ina zuwa, na fita baranda na tsuguna a bayan tankin ruwa na yi kuka mai isata.

Kada ku ce nasa ne, ban sani ba. Jini yana zuwar mana da lamba ne kawai, sunayen suna wurin ma'aikatan jinya, kuma tambaya ma laifi ce. Zai iya zama na wata tsohuwa mai sayar da manja, zai iya zama nasa. Abin da na sani shi ne, ko na waye, wani ne irin wanda aka jefa kofinsa a shara ina zaune.

A nan Tessy ta same ni. Na ba ta labari duka. Ta daɗe tana kallona, hannu a ƙugu.

"Ke kam Allah ya shirye ki. Da marinsa kika yi da ya fi sauƙi."

"Sabo ne, Tessy."

"Sabo a gidan wa? Ni za ki gaya wa sabo? Tashi ki share majina." Ta miƙo mini tishu. "Dokta ta ce a kira duk 'yan rukunin nan ranar Alhamis a ƙara ɗibar jini. In yana ciki zai zo. In bai zo ba kuma, kin jawo mana asara ke nan har da ta aiki."

Yau ce Alhamis ɗin. Tun safe nake leƙen taga. Na sa baƙin siket da farar riga mara ado, ko hoda ban shafa ba. Wajen sha ɗaya na hango babur ɗinsa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, inda ake ajiye musu benci da lemo da burodi in sun fito. Duk abin da na yi masa bai hana shi zuwa ba, wannan ma ya ƙara mini kunya. Na cire farar rigar aiki, na rataya jakata, na fita.

Yana zaune shi kaɗai, ya naɗe hannunsa na hagu a kan auduga. Da ya hango ni sai ya matsa can ƙarshen bencin, ya manna kafaɗarsa ta dama da jikin bishiya. Wuri ɗaya ya rage mini, hagunsa. Na gane sarai, na zauna.

Na yi magana, 'yan uwa. Na ce na tuba. Na ce ba sabo ba ne, tsoro ne, kuma ba tsoron jikinsa ba, tsoron bakin mutane. Na faɗi zancen Kawu Odion da garin rogon da ba a saya ba. Na ce tun ranar Asabar na fara cin amanarsa, da na ce ya ɗora wa janareta. Na ce ina son sa, abin da ban taɓa faɗa da baki ba sai a waya. Yana kallon gaba, yana kallon masu babur a bakin ƙofa, har na gama muryata ta dushe.

Sai ya juyo. "Kin gama? Na ga bakinki yana motsi."

"Usifo, don Allah."

"Ban ji ko ɗaya ba, kuma da gangan na zauna haka." Babu faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai. "Na san abin da za ki ce, Ejemen. Ni ba na buƙatarsa. Na san jinina, ga shi yanzu ma an ɗiba ana yi mini godiya. Mutane sun gudu daga gare ni a coci, an janye yara daga ajina, duk na haɗiye, don ba su sani ba. Ke kin sani." Ya ƙara danne audugar. "Mahaifinki ya ba ni kofinsa. Ya yi miki tambaya a gabana, har yau ba ki amsa masa ba."

Ya miƙe hannun zai ɗauki makullinsa, audugar ta faɗi ƙasa. Wurin allurar bai gama rufewa ba, jini ya ɓullo ya fara gangarowa. Dokar ɗakinmu a kan jini ba ta da wasa, ko na uwarka ne ba ka taɓa shi da hannu tsirara, kuma dokar gaskiya ce, ni ma ina koya wa sababbi. Ban tsaya tunani ba, na ɗora babban yatsana a wurin na danne. Na ji ɗumin jinin, na ji bugun jijiyarsa. Muka zauna a haka har ya tsaya.

Na ɗage yatsan, ya yi ja. Kwalbar tana lilo a hannun jakata, tana bugun gwiwata. Usifo hannuna yake kallo kamar ranar Lahadi. Na ji yatsuna suna ƙaiƙayi, ba zan ɓoye muku ba. Na dunƙule su a cinyata.

Sai wayata ta fara ruri. Na zaro ta, sunan Mama ne a jiki, da hotonta na ranar bikin ƙanwata.

Usifo ya dubi wayar, ya dube ni. Ya tashi daga jikin bishiyar, ya zagayo ta gabana ya zauna a ɗaya gefen, ya karkato mini kunnen dama.

"Ɗauki, ki sa kowa ya ji," ya ce. "Wannan yana aiki."

Da yatsan mai jinin na danna, ya bar jan tabo a kan gilashin, na kamo hannunsa da ɗaya hannuna.

"Ejemen, kina ina ne? Maman yaron nan ta ce..."

"Ina tare da Usifo, Mama," na ce. "Hannunsa yana cikin nawa. Ki kai wa Baba wayar, ki kuma tsaya a wurin. Ya yi mini tambaya ranar Lahadi, yanzu zan ba shi amsa."